Kajin Inna a Hannun Ai-na-sani

A layinmu akwai wani mai gyaran fanka da muke kira Ai-na-sani. Ba mu muka ƙirƙiri sunan ba, shi ya raɗa wa kansa da bakinsa, domin ba a taɓa fara masa magana an kai ƙarshenta ba. Ka ce masa, "Jiya na ji an ce..." sai ya ɗaga hannu ya ce, "Ai na sani." Wata rana mai askin layinmu ya ce masa, "Rigarka ta..." Ya ce, "Ai na sani," ya wuce, ya yini yana yawo da riga a yage daga wuya har ƙugu. Ni tela ne, shagona yana kallon ƙofar gidansa, don haka abin da zan ba ku ba labari aka ba ni ba, a gaban kekena aka yi shi.

Sana'ar fanka tana da aibi guda, da sanyi ya shigo sai ta mutu murus. Babu mai tuna fanka sai zafi ya dawo. Shi kuwa mutum mai yawan dabara, in ya rasa aikin yi, duk abin da ke kusa da shi ne zai sha wahala. A shekarar da nake magana, abin da ya yi rashin sa'ar zama kusa da shi kajin surukarsa ne.

Surukar tasa, wadda duk layin ke kira Inna, za ta tafi wajen ɗanta a wani gari a yi mata aikin gwiwa, kuma an ce sai ta yi watanni kafin ta dawo. Ta sa aka kwaso mata kajinta zuwa gidan 'yarta, matar Ai-na-sani, wadda muke kira Malama saboda tana koyarwa a makaranta. Kajin ba su kai goma ba, da zakara ɗaya. A cikinsu akwai wata tsohuwar kaza ja mai nauyin jiki, wadda Inna ke kira Ƙawata, tana yi mata magana kamar mutum.

Akwai kuma abin da ya kamata ku sani. Inna tana da kango a ƙarshen layi, katangagge, da ƙofar ƙarfe da famfo a ciki. Ai-na-sani ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan kangon nan, yana so ya buɗe gonar kaji. Ya roƙa, ya aika a roƙa masa, ya gyara wa Inna fankar da ba ta lalace ba, duk a banza. Ranar tafiyar, a gaban idonmu, Inna ta kwance bakin mayafinta ta nuna masa makulli.

"Ga kajina nan," in ji ta. "In na dawo na same su yadda na bar su, makullin nan ya zama naka."

"Yadda kika bar su, Inna? Ai wannan raina ni ne. Za ki dawo ki kasa gane su."

Wannan alkawari kam, in za a faɗi gaskiya, ya cika shi.

"To saurara," in ji Inna. "In sanyi ya kankama za ka ga..."

"Ai na sani, Inna."

Inna ta dube shi, ta dubi 'yarta. Ta mayar da makullin ta ƙulle a bakin mayafi, ta ce, "To madalla," ta shiga mota.

Tun motar ba ta sha kwana ba ya zo bencin ƙofar shagona ya fara rabon muƙamai. Ni zan ɗinka wa ma'aikatan gona riguna iri ɗaya. Mai aski zai zama mai gadin ƙofa in ya gaji da kawunan mutane. Mai shagon kusurwa, wanda ke sayar da ƙwai, ya fara neman wata sana'a, domin ƙwai zai yi yawa a layin nan har yara su riƙa jifa da shi. Mai shago ya ce ya gode da sanarwa.

Kwanakin farko lafiya lau. Kaji suna ƙwai, shi yana karɓar yabo. Sai rana ta fara gajarta, da an taso daga aiki duhu ya rufa, sanyi ya soma shiga ƙashi. Wata safiya ya fito da gashin kaza cike da hannu biyu, fuskarsa a murtuke, ya nufi shagon aski kai tsaye.

"Kyanwarka," ya ce wa mai aski.

"Kyanwata ta yi me?"

"Ta shiga akurki. Ga shaida."

"Kaza nawa ta ci?"

"Ba ta ci ko ɗaya ba. Figewa take yi."

"To ashe ta kama sana'ata," in ji mai aski. "Ka tambaye ta ko tana yin gyaran fuska."

Kyanwar dai tana kwance a kan kujera, ta tsufa har ɓera na bi ta gabanta ba ta ɗaga kai. Ai-na-sani ya dube ta ya ga ba za ta yi laifin ba, ya fita yana cewa bincike bai ƙare ba.

Gashi ya ci gaba da zuba, daga wuya ya gangara baya, ya kai wutsiya. Kajin nan suka zama abin tausayi, ka ce an fara fige su aka tuna ba a yanka ba. Sai ƙwai ya ragu, ya ragu, ya tsaya cak. Da yamma na ji muryar Malama daga zaure, tana yi masa bayani da irin muryar da take koyar da 'yan aji ɗaya.

"Maigida, a gidan kajin nan na tashi. Kowace shekara haka suke yi. Tsohon gashi ne suke zubarwa su yi sabo. Abincin da jiki zai yi ƙwai da shi, shi ke tafiya wajen gashin. Ga rana ta gajarta, kaza kuwa da tsawon rana take ƙwai. Abin da za ka yi kawai shi ne..."

"Ai na sani. Amma wannan daban ne."

"Me ya bambanta shi?"

"Wancan a hannun Inna ya faru. Wannan a hannuna."

Ta ce masa gaskiya wannan babban bambanci ne, ta shiga ɗaki.

Washegari, da Malama ta tafi makaranta, ya koma wajen mai aski, ba maganar kyanwa, sai maganar mai. Akwai wani man tsirar da gashi da mai aski ke sayar masa shekara da shekaru saboda sanƙon da yake ɓoyewa a ƙarƙashin hula. Ya sayi babbar kwalba. Na kasa yin shiru.

"Man nan tun yaushe kake shafa wa kanka?" na tambaye shi.

"An jima."

"Ka ga ko tsinke ya tsiro?"

"Kaina da jikin kaza ba ɗaya ba ne. Nawa tunani ne ya cinye gashin. Kaza kuwa ba ta tunani."

Ya shiga gida ya bi kajin ɗaya bayan ɗaya yana mulke su da mai. Kuka muke ji kamar ana rabon gado. Duk wadda ya saki sai ta ruga ta yi birgima a ƙasa, ta tashi ta zama curin laka mai ƙafa biyu. Da ya zo kan wata farar kaza mai ƙiriniya, man ya riga ya jiƙe masa hannu. Ta sulluɓe masa kamar sabulu, ta bi ta tsakanin ƙafafunsa, ta fito ƙofa, ta tsallaka titi, ta shige shagona, ta wuce ta ƙofar baya ta faɗa kwandon da nake tara ƙyallaye. Ya biyo ta yana haki. Ya miƙa hannu cikin kwandon, ta sare shi a yatsa har jini.

Ya tsotsi yatsan, ya gyara hula. "Bar ta," in ji shi. "Ta cire kanta daga cikin masu rabo. Ranar da 'yan uwanta za su fito suna sheƙi, ita za ta ji kunya."

Na bar ta. Ba don na san wani abu game da kaji ba, sai don ina da ɗinki a gabana. Matata ta riƙa watsa mata ragowar abinci a bayan shago, da ɓarzajjen wake in ya rage, ita kuma ta riƙa tonon ƙwari a gindin katanga. Iyakar hidimar da ta samu ke nan.

Mai bai yi aiki ba, sai ya yanke hukunci cewa lalaci ne. Ya tsaya a bakin akurki, muna jin sa daga titi, ya yi wa kajin jawabi: gidan nan ba gidan hutu ba ne, wadda ba ta yi ƙwai ba ba za ta ci ba. Ya ɗauke kwanon hatsi ya kulle a ɗakin kayan aikinsa. Dokar ta yi yini guda tana aiki. Da Malama ta dawo ta ji, sai ta ɗora girki. Ta zuba wa kaji abinci, ta zuba wa yara, ta zuba wa kanta, ta wanke tukunya.

"Nawa fa?" in ji shi.

"Fanka nawa ka gyara yau?"

Kafin gari ya waye an soke dokar.

Kwana biyu aka ji shi shiru, muka fara murna. Sai ga shi a shagona da tsohuwar kazar nan, Ƙawar Inna, a hammata. Ya ɗora ta a kan teburin yanka.

"Auna ta."

"In auna ta?"

"Na gano matsalar. Sanyi ne. Mutum ma in aka tuɓe shi a wannan sanyin ba zai yi abin kirki ba. Riguna za ka ɗinka musu."

Ni dai tela ne. In ka kawo mini akuya ka ce a yi mata wando, aljihu nawa zan tambaya. Na ɗauko tef na auna ƙirji, na auna tsawon baya, na bar ƙofar fukafukai. Tsohuwar ta tsaya cak tana kallona da ido ɗaya, da alama ta ga abubuwa da yawa a duniya amma ba ta ga wannan ba. Yana tsaye a kaina yana gyara mini awo.

"A nan za ka..."

"Ai na sani," na ce masa. Bai ji daɗi ba.

Malama ta leƙo shagon da ta ga abin da ake ciki. "Maigida, dubi wuyanta. Ka ga waɗannan tsinkayen da ke fitowa? Sabon gashin ke nan, da jini a cikinsa. Taɓa shi ma zafi yake musu, balle a matse shi da riga."

"Ai na sani. Shi ya sa na ce a sa shafi a ciki."

Ta dube ni. Na duƙar da kai a kan keke.

Ranar da aka sa wa kaji riguna, layinmu bai yi aikin kirki ba. Kaza in ta ji abu a bayanta ba ta sanin gaba, sai baya. Suka riƙa tafiya da baya da baya har su ci karo da bango, su faɗi a gefe, su kwanta suna harba ƙafa sai an tayar da su. Zakara ya fito ya ga matansa a cikin riguna masu furanni, ya tsaya, ya karkata kai, ya yi wani sauti da ban taɓa ji a bakin zakara ba, ya haye rufin ɗaki. Rarrashi bai sauko da shi ba, hatsi ma bai sauko da shi ba.

Mata suka yi ta shiga kallo da sunan gaishe da Malama. Nan ne tawa ta same ni. Da ragowar yadin mutane na yi rigunan, ban kuwa tsaya zaɓe ba. Matar mai shago ta shiga da sabuwar rigarta mai ruwan goro da ɗigon fari, ta tarar da kaza kwance a gefe cikin irin rigar sak. Sauran matan suka dubi kaza, suka dube ta, suka kama baki. Ta tsallako titi ta tsaya a ƙofar shagona.

"Tela, ni da kaza ka haɗa?"

"Hajiya, ai ke ya fi yi wa kyau."

Har yau ba ta sake kawo mini ɗinki ba, kuma ban ga laifinta ba.

Riguna ba su kawo ƙwai ba. Kajin suka ƙara ramewa, suka daina ko kuka, sai kallon bango. A nan ne na fara jin tausayinsu da gaske, kuma na fara jin haushinsa, domin dabba ba ta da bakin da za ta ce a ƙyale ta. Na gaya masa haka. Ya ce kowane magani sai ya yi ɗaci kafin ya yi aiki.

Sai ranar da wani direban bas ya zo aski. Ya zauna, mai aski ya ɗaura masa ƙyalle, hira ta faɗa kan kaji. Direba ya ce ƙanensa yana aiki a wata babbar gonar kaji, can in rana ta gajarta sai su kunna musu fitila don kazar ta ɗauka yinin bai ƙare ba.

"Amma fa ƙaramin ƙwan fitila ne guda, kuma ba a cikin figar nan ake..."

"Ai na sani," in ji Ai-na-sani daga bakin ƙofa. Ya riga ya juya.

Wannan fagensa ne, waya da soket. Ya kwaso duk ƙwayayen fitilar da ke gidan, ya ari na maƙwabta, ya haɗa da wasu masu launi da ke kunnawa suna mutuwa, ya zagaye akurki da su. Bai tsaya nan ba. Ya ce haske ba zafi aikin banza ne. Ya jingina dutsen guga biyu a kan bulo, ya kafa babbar fankar tsaye a bayansu don ta hura wa kaji iska mai ɗumi. Ya cusa wayoyin duka a soket ɗaya. Cikin abin da bai wuce rabin askin mutum ɗaya ba ya gama, ya leƙo ya kira mu mu shaida.

Ni da mai shago muka shiga. Ya ce mu ja baya, ya danna.

Fankar a lamba ta ƙarshe take, mafi ƙarfi. A gabanta kuwa akwai buhun da yake tara gashin da ya zube, bakinsa a buɗe, wai shaida ce ta bincike. Buhu ya kumbura ya amayar da abin da ke cikinsa. Gashi ya tashi sama ya rufe tsakar gida, ya tsallake katanga, ya sauka a kan shanyar maƙwabta, ya bi iska ya shiga shagon aski. Kaji suka yi baya da baya suka zube a kusurwa. Fitilu suka yi walƙiya ja da kore, wani abu ya ce fat a bango, hayaƙi ya fito, wutar layin gaba ɗaya ta ɗauke.

Daga can muka ji injin aski ya mutu, muka ji muryar direba. Ya shigo da ƙyalle a wuya, rabin kansa tas, rabin kuma yana nan yadda ya zo da shi, gashin kaza ya manne a wajen da aka jiƙa.

"Wane ne injiniyan?"

Mai shago ya nuna da haɓa.

"Malam, ina da fasinja a tasha. Haka zan tuƙa su?"

"Matsalar daga wayar layin ce," in ji Ai-na-sani. "Ba ta kai ƙarfin aikina ba. Na daɗe ina faɗa."

"Na ce maka ƙwan fitila guda."

"Ba ka ce ba."

"Ka bari na ce?"

Direba ya cire hular Ai-na-sani daga kansa, ya ɗora a nasa, ya fita. Sanƙon ya bayyana a fili yana ƙyalli da man mai aski. Mai shago ya daɗe yana dubansa, ya ce lallai an yi tunani a wurin nan.

Sai da aka kira masu gyara, layin ya kwana biyu ba wuta. Kekena na ƙafa ne, ban rasa komai ba, amma mai aski ya daina gaishe shi, mai sayar da ruwan sanyi ma haka, ko da yake shi a lokacin ba mai sayen kayansa.

A haka sanyi ya fara sassautawa, rana ta soma ƙara tsawo. Sai labari ya zo cewa gwiwar Inna ta warke, tana tafe ƙarshen mako. Mai hankali da sai ya cire rigunan ya shirya ban haƙuri. Shi kuwa ya bi gida gida yana gayyata, wai a zo a ga miƙa makulli. Ya zo mini da ragowar gashin da ya tsinto a titi, ya ce in ɗinke shi a jikin rigunan. Na ce kekena ba ya cin gashi. Ya sayo gam ya liƙa da kansa. Da safiyar ranar kuma na gan shi ya fito daga shagon kusurwa da wani abu a ƙarƙashin riga, yana tafiya a hankali kamar mai ciwon ciki.

Inna ta sauko daga mota da sanda, ta tarar da tsakar gida cike da mutane. Aka ba ta kujera. Malama ta tsaya a bayanta, ta harɗe hannu. Ai-na-sani, cikin sabuwar hula, ya yi gyaran murya ya fara jawabi. Ya yi magana a kan kiwon zamani. Ya ce kajin sun gamu da wata cuta da ba a taɓa gani ba, wadda da a hannun wani ne da yanzu sai labari. Ya ce bai yi barci ba, bai ci abinci ba, Malama shaida ce.

"Rana ɗaya dai," in ji Malama.

Ya buɗe akurki. Kajin suka fito da baya. Baƙar kaza da farin gashi a gadon baya, mai ruwan toka da jar wutsiya a karkace, wata kuma gam ya haɗa fiffikenta da rigarta tana zagaye wuri ɗaya. Zakara yana kallo daga rufi. Wani ya yi tari don ya danne dariya, tarin ya ƙi tsayawa.

Inna ba ta yi dariya ba. Ta daɗe tana duban kajinta.

"Ka ce zan kasa gane su," in ji ta. "Na kasa."

Ya ɗauka yabo ne. "Ba ki ga komai ba, Inna. Gashi ado ne. Aiki yana ciki."

Ya shiga akurki ya fito da kwandon kwanciya, tsohuwa Ƙawata zaune a ciki da rigarta mai shafi. Ita ya zaɓa domin ita kaɗai ce ke zama inda aka ajiye ta. Ya ajiye kwandon a gaban Inna, ya ɗaga kazar a hankali. Ƙwai ne a ƙarƙashinta har shida, farare tas, ba ko ɗigon datti.

"Duk nata ne?" in ji Inna.

"Duk nata."

"Na yaushe?"

"Na yau da safe."

"Ikon Allah. Kaza mai lafiya ɗaya take yi a yini." Inna ta miƙa hannu ta shafa kan tsohuwar. "Ƙawata, ashe haka kike? Kin daina ƙwai tun kafin wannan ya zo neman auren 'yata. Shekara da shekaru ina ciyar da ke don zumunci, ashe tarawa kike yi."

Dariyar da aka danne ta ɓalle. Ai-na-sani ya ce wannan shi ne ƙarfin maganin, yana tayar da abin da ya kwanta. Da ma an bar shi a nan. Amma mai shago, wanda aka ce ya nemi wata sana'a, ya ɗaga hannu daga baya cikin ladabi.

"Ba katse ku na yi ba. In an gama da faifan ƙwan da ka tafi da shi ɗazu, a miƙo mini, shi ke nan gare ni."

Ana cikin haka matata ta shigo da kwano a hannu, a gabanta kuwa farar kazar nan ce, wadda ta cire kanta daga cikin masu rabo. Ni kaina da nake ganinta kullum sai ranar na lura da ita. Gashi ya cika ta, sabo fil, fari sol, tana taku ɗaya ɗaya, kai a sama. Zakara ya gan ta, ya diro daga rufi a karon farko. A cikin kwanon akwai ƙwai uku masu ruwan ƙasa, da ta fara yi a makon nan cikin kwandon ƙyallaye.

Inna ta ɗauki ɗaya ta juya shi. "Wannan kam nata ne, na san shi. Tela, me ka yi mata?"

"Ba komai, Inna. Ɗinki ya yi mini yawa."

"Allah ya ƙara maka ɗinki."

Ta juya ga surukinta. Ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta ɗaga da ya fi masa sauƙi.

"Ranar da zan tafi na fara maka wata magana. Bari in ƙarasa ta, ba ta da tsawo. In sanyi ya kankama za ka ga gashinsu yana zuba, ƙwai ya tsaya. Ka ƙara musu abinci mai kyau, ka rabu da su."

Ya jira ci gaba. Babu ci gaba.

"Shi ke nan?" in ji shi.

"Shi ke nan."

Ta sa Malama ta kawo almakashi. A gaban kowa aka yanke rigunan ɗaya bayan ɗaya, Inna tana ba kowace kaza haƙuri da sunanta. A ƙarƙashin rigunan sabon gashin yana nan, a murɗe, a kakkarye, yana ta ƙoƙarin fitowa tun tuni. Da aka gama ta kwance bakin mayafi. Makullin ya yi ƙara. Ai-na-sani, don ƙarfin hali, ya matso ya buɗe tafin hannu. Makullin ya wuce ta gaban hancinsa ya sauka a hannun Malama.

"Kangon naki ne. Ki zuba kaji. Shi kuma mijinki, in zafi ya zo ya gyara musu fanka daga waje, ya miƙo ta katanga."

"Inna, ai na..."

"Ƙarasa," in ji Inna. "Yau kowa zai ƙarasa maganarsa."

Duk tsakar gidan muka zuba masa ido. Ya buɗe baki, ya dubi makullin, ya dubi farar kaza, ya rufe. Tun da na san shi, ranar ce kaɗai na ga an ba shi fili ya rasa abin da ya sani.

Yanzu kangon cike yake da kaji, mai shago ma a wajen Malama yake sarin ƙwai. Bana da sanyi ya shigo gashi ya fara zuba, na ga Ai-na-sani tsaye a bakin ƙofar ƙarfen da wata sabuwar na'ura a hammata, yana yi wa Malama bayani ta kafar ƙofa. Ta saurare shi har ya kai aya, abin da shi bai taɓa yi wa kowa ba. Sannan ta ce masa, "Ai na sani," ta murɗa makulli.